Ƙofa ce ta lalace, ba kabad ba

Iyaye a Matameye, ina da magana da ku kan kabad ɗin kicin. Da zarar fenti ya koɗe ko ƙofa ta karkace, sai a ce a fitar da shi, a yo odar sabo daga Kano ta Ɗan Barto. Galibin sabon nan garin katako ne da aka matse da gam. Ruwan randa ya taɓa gindinsa sau biyu, ya kumbura kamar burodi, kusa ma ba ta kama shi kuma.

Ni ban yarda da wannan ɓarna ba. Ku ƙwanƙwasa jikin tsohon, ku leƙa bayansa. In katako ne na gaske, gara ba ta shige shi ba, kafinta zai sake ƙofofi da ƙarafan da ke riƙe su, ya goge ya shafa fenti. In gara ta cinye ƙasan, to, nan kam a saya.

Abin da ke ba ni haushi: gidan da ya ci bashin kabad don idon maƙwabta, shi ne a watan Oktoba zai turo yaro lakwal ba kaye ba biro, ya ce mushe ya yi haƙuri.