Zauren Iyali: Cefanen wanda ya fara cin ɗanyen abinci

 

A ƴan shekarun nan wata ɗabi'ar cin abinci ta shigo mana ta wayoyin hannu da bakin ƴan'uwan da suka zauna Turai, wato mutum ya rage abin da aka ɗora a wuta, ko ya bar shi ɗungum, ya koma ga ɗanyun ganyaye da ƴaƴan itace. Masu karɓar ta a cikinmu galibi mutane ne masu larura: mai hawan jini, mai ciwon suga, da wadda ƙiba ta fara hana ta sakat. Niyyarsu kyakkyawa ce. Amma wanda ya ƙulla niyya da dare, da safe kasuwa zai nufa, kuma a can ake tafka yawancin kurakurai. Tukunya tana rufa wa mai cefane asiri, domin tumatirin da ya fashe da ganyen da ƙura ta hau, in sun tafasa, mafi yawan cutar da ke jikinsu ta mutu. Wanda ya ajiye tukunya ya rasa wannan rufin asiri. Abin da hannunsa ya ɗauko daga faifan mai sayarwa, shi ne zai sauka cikin iyalinsa.

Asalin al'amarin

Wani likitan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, yana cikin na farko da suka yayata wannan tsari, wajen shekarar 1900, a asibitinsa da ke birnin Zurik. Mabiyansa na yau ba sa cin abin da zafinsa ya wuce digiri 40 zuwa 48. Akwai gaskiya a cikin maganarsu: zafi yana rage bitamin C, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da ƴaƴan itace kowace rana, ban da dankali da rogo. Gidajenmu da yawa ba sa kai wannan awo.

Sai dai akwai abin lura. Wani bincike da aka yi a jami'ar Gisen ta Jamus, aka buga a 1999, ya duba mutane sama da 500 da suka daɗe a kan ɗanyen abinci. An tarar sun rame ƙwarai, kuma kusan kashi 30 cikin 100 na matan da ba su kai shekara 45 ba al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke gaba ɗaya. Bitamin B12 ma, wanda jini da jijiyoyi ba sa zama lafiya sai da shi, daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samun sa. Don haka shawararmu ga mai farawa ita ce ya ba ɗanye rabin faranti, ya bar wa dafaffe sauran rabin. A kan wannan ma'auni muka gina abin da zai biyo baya.

Kafin a fita gida

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne sayen kayan mako guda a rana ɗaya, kamar yadda ya saba sayen gero da shinkafa. Hatsi yana jira, ganye ba ya jira. A watan Afrilu zafin garuruwanmu yana wuce digiri 40 a inuwa, kuma salatin da aka sayo da safe kafin la'asar ya yi laushi. Gara a raba cefanen gida uku. Akwai na kullum, kamar salati da lansir da tumatir nunanne. Akwai na kwana uku zuwa huɗu, kamar kabeji da karas da kokwamba da yalo da lemu. Akwai kuma na ajiya, kamar dabino da aya da gyaɗa da riɗi da albasa. Uwargida ta faɗi abin da ake bukata, maigida ko ɗan aike ya rubuta, a tsaya a kansa.

Na biyu, a bi lokaci. Daga Disamba zuwa Fabrairu lambuna suna cika kasuwa da salati da kabeji da karas da tumatir, a nan ne suka fi kyau, suka fi araha. Da zafi ya shigo sai mangwaro ya karɓi fage, damina kuma ta zo da gurji da yalo. Mai neman salati a tsakiyar bazara zai biya da tsada, ya karɓi wanda ya sha wahala.

Na uku, kada hotunan da ake gani a waya su sa mu ɗauka sai da tuffa da inabin da aka yi wa doguwar tafiya a cikin kwali. Allah ya hore mana albasar Galmi, da lemun Timiya na duwatsun Ayar, da dabinon Kawar, da ayar Maraɗi, ga magarya da goruba da tsamiya da kanya. Gwaiba da garin ƴaƴan kuka, in aka auna su da lemu nauyi da nauyi, sun fi shi bitamin C. 

A gaban mai kayan lambu

A je da sassafe, kafin rana ta bugi kaya. Abin da za a fara dubawa shi ne mai sayarwa da wurinsa: kayan suna bisa tebur ne ko suna ƙasa kusa da kwata? Ƙudaje fa? Sannan a dubi bokitin da yake yayyafa wa ganye ruwa daga ciki, domin sau da yawa salati yana baro lambu da sauƙin datti, a kasuwa ya haɗu da ruwan da aka wuni ana tsoma hannu a cikinsa. Ba laifi ba ne a tambayi daga wane lambu kayan suka fito, tunda wasu lambunan cikin gari da ruwan magudana ake ban-ruwansu. Wanda ya sami mai sayarwa mai tsabta da gaskiya, ya riƙe shi ya zama abokin cinikinsa, ko da yana ƙara dala biyar a kan na maƙwabcinsa.

Bayan haka sai zaɓe, kuma ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Tumatir a ɗauki mai ƙarfi, wanda bai tsage ba, ba ya yoyo. Wanda ya fashe ɗin nan da ake tarawa gefe ana sayarwa da araha, ko ga miya ma gara a bar shi, balle ga ci ɗanye. Kabeji ya kasance a dunƙule, mai nauyi a hannu. Karas in aka lanƙwasa shi ya bi hannu, ya kwana biyu. Albasa a duba wuyanta ya bushe, ba ta fara tsiro ba. Kankana a nemi mai nauyi, wadda gefen da ta kwanta a ƙasa ya yi rawaya. Mangwaro kuwa a shinshina: wanda ya nuna da kansa yana da ƙamshi a wajen hancinsa. In aka ga tuli guda duk ya yi rawaya bai ɗaya, babu ƙamshi, ciki kuma da tsami, akwai zaton an tilasta masa nuna ne da kabaid, sinadarin nan na masu walda, sai a wuce gaba.

Kada a sayi abin da aka riga aka yanka. Kankana da gwanda da abarba da aka fere aka jera a tire, ba mu san wuƙar ba, ba mu san ruwan ba, ba mu san sa'o'in da suka yi a rana ba. A sayi guda sukutum, ko a haɗa kuɗi da maƙwabci a raba a gida.

Gyaɗa da aya da dabino suna bukatar nasu idon. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yamutse, ko take warin ruma, a zubar da ita. Furfurar da ke kama gyaɗa tana haifar da guba mai suna aflatoksin, mai lalata hanta, kuma ita wannan ko wuta ba ta kashe ta. Dabino a tsaga a duba ciki kafin a kai baki.

A ƙarshe, busassun kaya ake fara saye, ganye shi ne na ƙarshe, ya hau saman kwando. In akwai nama ko kifi a cikin cefanen, ledarsa daban, kada ruwansa ya ɗiga kan abin da ba za a dafa ba.

Abin da ba ya shiga wannan kwando

Akwai abincin da haƙƙinsa wuta ce. Rogo, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da gubar sayanaid, wadda sai an fere, an jiƙa, an dafa take fita; a wasu ƙasashen tsakiyar Afirka cin rogon da ba a gyara ba yana jawo shanyewar ƙafafu da ake kira konzo. Wake ɗanye yana da sinadaran da ke hana narkewar abinci, dafuwa ce take karya su. Dankalin turawa ma ba a cin sa ɗanye, wanda ya yi kore ko ya yi tsiro kuwa ko dafuwa ba ta gamawa da gubarsa. Nama da kifi da ƙwai ba a cin su ɗanyu. Madarar shanu da ta awaki a tafasa ta kafin a sha ko a kwantar da ita nono, domin ta nan ake ɗaukar tarin fuka na shanu da zazzaɓin burusela.

Masu wannan tsari suna yawan yabon tsiron ƙwayoyi, wato a jiƙa iri har ya tsiro a ci shi ɗanye. Ɗumi da laimar da iri yake so su ne ƙwayoyin cuta suke so. A shekarar 2011 tsiron hulba, wadda aka shigo da irinta daga Masar, ya haddasa annoba a Jamus. Mutane kusan 4,000 suka kamu, sama da 50 suka mutu, a ƙasar da ba ta rasa asibiti ba. Wanda yake son tsiro ya dafa shi.

Har a cikin kayan lambu akwai masu ƙaruwa da wuta. Jiki ya fi tatsar amfanin tumatir da karas in an dafa su da ɗan mai. Zogale da rama kuwa iyayenmu ba su yi kuskure ba da suke tafasa su kafin kwaɗo. Kuma tunda albasa da tafarnuwa za su yawaita a farantin mai cin ɗanye, mu tuna ya inganta cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wanda ya ci su ɗanyu ya kusanci masallaci saboda warinsu. A bar su sai bayan Isha'i, ko a kashe kaifinsu da dafuwa.

Daga kasuwa zuwa akushi

Cefane bai ƙare ba sai an wanke. A fara da hannu, da sabulu. A cire ganyen waje na salati da kabeji a zubar, sauran a ware su ɗaya bayan ɗaya, a cuɗa a cikin ruwan da za a iya sha. Daga nan a jiƙa su a ruwan jabel ko na farmanganat, ƙwayar nan mai mayar da ruwa shunayya, sannan a ɗauraye. Ƙarfin jabel ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka a nuna wa ma'aikacin lafiya wadda ake da ita ya faɗi awo da lokaci. A sani kuma jabel ba ya gamawa da ƙwayayen tsutsar ciki, cuɗawa da ɗauraya ne suke fitar da su. Gishiri da ruwan lemun tsami ma ba sa wadatarwa. Duk abin da yake da ɓawo a wanke shi tukuna, sannan a fere, don kada wuƙa ta kai dattin waje ciki. Wuƙar nama da katakonsa su zauna daban.

Abin da aka yanka a cinye shi cikin sa'o'i biyu, ko a sa a firiji. Inda babu lantarki, dabarar tukunya cikin tukunya tana aiki: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, jiƙaƙƙen tsumma a bisa, a ajiye inda iska ke kaɗawa. Wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa ta a ƙauyuka, kuma ta fi amfani a lokacin rani da iska ke bushe. Ayaba da mangwaro nunannu kada a haɗa su da ganye, domin suna fitar da iskar da ke gaggauta lalacewarsa.

Waɗanda ba a yi wa gwaji

Maigida in ya zaɓi wannan hanya, ya zaɓar wa kansa. Ƙananan yara, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da tsofaffi, da wanda jinya ta raunana, suna bukatar abinci mai gina jiki, kuma gudawar da babba zai jure tana iya kayar da yaro cikin kwana ɗaya. Jaririn da bai cika shekara ba kada a ba shi zuma. Mai ciwon suga ya san dabino da mangwaro da ayaba suna ɗaga suga in an yawaita, mai ciwon ƙoda kuma akwai ƴaƴan itacen da likita zai taƙaita masa. Kada wani ya ajiye maganin da aka ɗora shi a kai don ya fara cin salati. In kuma aka ba da sanarwar ɓullar amai da gudawa a gari, kowa ya koma ga dafaffe da abin da ya fere da hannunsa, har sai an ce ta lafa.

Mai farawa ya fara da abu uku a makon farko: kabeji, karas da lemu, domin suna jure ajiya, suna da sauƙin wanki ko fira. In ciki ya karɓa, a mako na biyu ya ƙara tumatir da kokwamba, salati ya zo daga baya, bayan gida ya ƙware da wanki. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya sa albarka a cefanenmu, ya kare mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.