Fatalwa a Cikin Gem: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Sharhinmu na yau zai duba labaran ban tsoro da ke yawo a tsakanin yaranmu, cewa wai akwai fatalwar da ke shiga cikin gem ɗin kwamfuta ko na waya, ta addabi mai bugawa.

A nan Jos, daga Tina Junction zuwa Unguwar Rukuba da Dutse Uku, ba a rasa shagon da matasa ke cincirindo da yamma, biyu na riƙe da abin bugawa suna fafata ƙwallo a PlayStation, sauran na tsaye suna jiran layi. A irin wannan zama ne hira ke kaiwa ga gem ɗin da ke kunna kansa da tsakar dare, ko fuskar da ke leƙowa a allo ta kira sunan mutum. Babba zai yi dariya ya wuce, amma ɗan shekara goma da abin yake kwana a ransa.

Waɗannan labarai suna da asali, kuma an san masu ƙirƙirar wasunsu. A shekarar 2010 wani ɗalibi a Amurka, Alex Hall, ya rubuta cewa ya samu tsohon kaset na gem ɗin Majora's Mask a hannun wani tsoho, ya tarar da kurwar wani yaro mai suna Ben, wanda ruwa ya ci, tana zaune a ciki. Har bidiyo ya sa a YouTube, ga surar mutum tana bin ɗan wasa duk inda ya juya, ga kiɗa yana tafiya da baya. Shi ne ya sarrafa gem ɗin da hannunsa, kuma bai ɓoye ba daga baya cewa ƙagaggen labari ne. A shekarar ce kuma aka fara zancen Herobrine mai fararen idanu a Minecraft, alhali masu gem ɗin sun ce ba su taɓa sa shi a ciki ba.

Mu ma mun ga namu. A 2004 an yi ta yaɗa cewa akwai lambobin wayar da in ka amsa kiransu sai mutuwa. Maganar ta sake tasowa a 2011, har sai da hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata.

Bahaushe bai taɓa ƙin labarin dodo ba. Amma kaka idan za ta fara, takan ce ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus, yaro ya san tatsuniya ya ji. Labarin yau kuwa yana zuwa ne da bidiyo da rantsuwa, da umarnin a tura wa mutum goma.

To, me ke sa kwamfuta ta riƙa yin abin da ba a sa ta ba? Sau da yawa bairos ne, wato manhajar da ɗan Adam ya rubuta don ɓarna ko sata. Duk mai loda finafinai ya san wanda ke shiga filas ya ɓoye fayiloli, ya bar maka inuwarsu kawai. A 2021 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya bankaɗo wani mai suna Crackonosh, da aka cusa a cikin gem na sata irin su GTA V da PES 2018. Ya kama kwamfutoci sama da 222,000, yana kashe garkuwarsu, yana sa su haƙo wa masu shi kuɗin kirifto da ya kai kimanin dala miliyan 2. Mai kwamfuta sai dai ya ji fanka na ƙugi, inji ya ɗau zafi, gem yana sarƙewa. Yana neman aljani, ɓarawo na cin guminsa. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗabi'ar tura saƙo ba bincike. Mutanen Jos ba sa buƙatar a gaya musu illarta. A rikicin watan Janairun 2010, saƙonnin tes na ƙarya sun ƙara rura wutar da ta ci ɗaruruwan rayuka. Yaron da ya saba gaskata duk abin da waya ta kawo masa, gobe wani saƙon da ya fi fatalwa muni zai tura.

Don haka iyaye, idan yaro ya zo da irin wannan labari, kada a kore shi da tsawa. A zauna da shi a tambaya: wa ya fara faɗa, a ina, yaushe? Masu shagunan gem da masu gyara, ku riƙa bincika filas kafin ku soka, ku guji gem na sata, domin araha ba ta ado. Malaman makaranta da na wuraren ibada, ku koya wa yara tantance labari kafin yaɗa shi.

Ƙarshen sharhin ke nan. Allah Ya ƙara mana zaman lafiya a Filato.