Ƙwayoyin nano masu ƙyalli a ɗaukar hoton cikin jiki

Ƙwayoyin nano masu ƙyalli wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ake haɗawa daga rini ko wasu sinadarai masu tushen kabon. Ana auna girmansu da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idan aka yi wa dabba allurarsu sannan aka haska jikinta, sukan mayar da haske mai wani launi, kyamara ta ɗauka. Ta haka masu bincike ke ganin jijiyoyin jini ko ƙarin ciwon daji ba tare da an tsaga jiki ba.

Asali

Kafin su, ɗigon kwantum ne suka yi fice a wannan fanni, kuma a kansu ne Moungi Bawendi da Louis Brus da Aleksey Ekimov suka samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023. Sai dai da yawansu na ɗauke da kadmiyom, ƙarfe mai guba. Wannan ya sa aka koma neman madadi daga kabon.

Matsalar rini ita ce haskensa yakan dushe idan aka cunkusa shi wuri guda. A 2001, Ben Zhong Tang da abokan aikinsa a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Hong Kong suka bayyana sinadaran da haskensu ke ƙaruwa idan sun dunƙule.

Halin da ake ciki

Yanzu hankali ya karkata ga hasken infirared mai zangon nanomita 1000 zuwa 1700, domin ya fi ratsa tsoka. Duk da haka, akasarin gwaje-gwajen a kan ɓeraye ake yin su. Abin da likitocin tiyata ke amfani da shi har yanzu rini ne zalla, irin su indocyanine green da hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi tun 1959, da Cytalux da ta amince da shi a 2021.

Ƙalubale

Babban cikas shi ne fitar ƙwayoyin daga jiki. Ƙoda tana tace waɗanda ba su wuce kimanin nanomita 5.5 ba, manya kuwa sukan taru a hanta da saifa su daɗe. Sai an tabbatar da inda suke ƙarewa, da irin illar zamansu, kafin su zama kayan aikin asibiti.