A Daina Lalube a Lagireto

Direba ya kawo mota gareji yana kukan ruwan lagireto na raguwa, amma ƙasan motar a bushe. Bakanike ya leƙa, ya taɓa tiyo, ya yanke hukunci: gasket ce. Sai a sauke kan inji, a ci kuɗin mutum, alhali wataƙila maƙalar tiyo ce ta saki.

Wannan lalube ba shi da uzuri, domin ɗan famfon gwajin matsi yana raba gardama cikin minti 15. Ana ɗaura shi a bakin lagireto bayan inji ya huce sarai, a buga iska har allurar famfon ta kai adadin da ke rubuce a murfi. A yawancin ƙananan motoci tsakanin bar 0.9 ne da 1.3. Wanda ya zarce wannan, shi da kansa zai fasa tsohon lagireto.

Daga nan sai ido. Idan allura ta tsaya cak, ba yoyo. Idan tana sauka, a haska famfon ruwa da gaɓoɓin tiyo, a shafa shimfiɗar ƙasan dashbod, don hita ma tana ɗiga. Sai an rasa ɗigo a waje ake zargin gasket.

Mai sayen famfon gwajin a kasuwar Ƙofar Ruwa ko Panteka ya dubi yawan bakunan ɗaurawa, domin na Toyota ba ya shiga tankin Golf. Ya nemi mai gwada murfi kuma. Murfin da ya gaji yana zubar da ruwa ko lagireto lafiya lau.