Florida: An mayar musu da ƙuri'a, bashin kotu ya tare ƙofa

Ranar 6 ga Nuwamban 2018, kusan kashi 65 cikin 100 na masu zaɓe a jahar Florida ta Amurka suka amince da wani gyara ga kundin tsarin mulkin jahar, wanda ya mayar wa waɗanda suka gama hukuncin babban laifi ƴancinsu na kaɗa ƙuri'a. Gyaran bai shafi waɗanda aka samu da kisan kai ko manyan laifukan lalata ba. An ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.4 ne za su amfana.

Kafin nan, tsohon ɗan kaso sai ya kai kokensa gaban kwamitin afuwa da gwamna ke shugabanta, kuma tun 2011, a zamanin Gwamna Rick Scott, sai ya jira shekara biyar ko bakwai kafin ma ya ajiye takarda.

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Yunin 2019 Gwamna Ron DeSantis ya sa hannu kan dokar da ta ce hukunci bai ƙare ba sai mutum ya biya tara, da kuɗin kotu, da diyyar da aka ɗora masa. A watan Mayun 2020 alƙalin tarayya Robert Hinkle ya ce hana talaka zaɓe saboda ba shi da abin biya ya saɓa wa tsarin mulki, amma a watan Satumba kotun ɗaukaka ƙara da ke Atlanta ta soke hukuncinsa.

Matsalar ba ta tsaya ga talauci ba. Jahar ba ta da rajista guda da mutum zai duba ya san nawa ake bin sa, don haka da yawa suka gwammace su zauna gida da su sake faɗawa hannun hukuma. Tsoron ya ƙaru a watan Agustan 2022, lokacin da DeSantis ya sanar da tuhumar mutum 20 da suka yi zaɓe a 2020 alhali gyaran bai shafe su ba. Da dama daga cikinsu sun ce hukumomin zaɓe ne suka ba su kati.

Masu goyon bayan dokar na cewa wanda aka zalunta yana da haƙƙi, kuma diyya ɓangare ce ta hukunci. Wannan hujja tana da nauyi. Sai dai masu suka na nuna cewa mutum biyu da suka yi laifi iri ɗaya, mai kuɗi ya yi zaɓe, maras kuɗi a hana shi. Ana iya bin bashi ta hanyoyin da doka ta tanada ba tare da an riƙe ƙuri'a jingina ba.

Kowace jaha da dokarta. A Maine da Vermont ɗan kaso na zaɓe daga cikin kurkuku. A New York ƴancin na dawowa da zarar an sallami mutum. Shi ya sa Donald Trump, wanda kotun New York ta samu da laifuka 34 a watan Mayun 2024, ya kaɗa ƙuri'arsa a Florida a watan Nuwamba: jahar na bin dokar wurin da aka yanke hukuncin, shi kuma ba a tsare yake ba.

Ga ƴan Nijar batun ba baƙo ba ne. A watan Nuwamban 2020 kotun tsarin mulki ta ƙi takarar marigayi Hama Amadou saboda ɗaurin shekara guda da aka yanke masa a 2017, bisa tanadin dokar zaɓe. Magoya bayansa sun kira shari'ar bi-ta-da-ƙulli, masu mulki na lokacin suka ce doka ce ta yi aikinta.

Duk ƙasar da za ta rubuta dokar zaɓe tana da tambayoyi uku a gabanta: wane laifi ne ke cire mutum daga rajista, har tsawon wane lokaci, kuma wa ke mayar da shi. Florida ta amsa ta farko a fili, ta bar sauran biyun ga aljihun mai laifi da takardun kotuna da ke warwatse, shi ya sa ɗimbin waɗanda aka yi gyaran dominsu ba su kai ga akwatin zaɓe ba.