Zancen Gida: Na'ura Mai Jin Maganar Hannu

Tun yaro bai iya magana ba ya san yafuce. In uwa ta ɗaga masa yatsa kuwa, ya san abin da take nufi. To, masu ƙera kwamfuta sun daɗe suna so ita ma ta gane irin wannan magana, watau mutum ya motsa hannu kawai fitila ta kama, ko rediyo ya yi shiru, ba tare da ya taɓa kome ba.

A shekarar 2010 kamfanin Microsoft na Amurka ya fito da Kinect, wata na'ura mai ido da ake ajiyewa kusa da talabijin. Takan watsa wani haske wanda idonmu ba ya gani, da shi take auna nisan gaɓoɓin jiki, ta san inda hannu ya nufa. Domin wasa aka yi ta, amma a 2011 likitocin asibitin Sunnybrook a Toronto ta ƙasar Kanada suka shigar da ita ɗakin tiyata. A dā in likita zai duba hoton cikin majiyyaci a kwamfuta, sai ya bar aiki ya je ya taɓa, ya sāke wanke hannu. Da Kinect kuwa, daga inda yake tsaye zai motsa hannu, hoton ya juya. An daina ƙera ta a 2017, amma dabarar ba ta mutu ba. Tun 2021 mai hannu ɗaya yana iya amsa kira da agogon Apple Watch ta wurin dunƙule hannu sau biyu. Wannan kam mun yaba.

Sai dai na'ura alamun masu ƙera ta aka koya mata, ba namu ba. Wayoyin Samsung da yawa, in ka nuna musu tafin hannu a buɗe, sai su ɗauki hotonka. A can ba laifi ba ne. A nan kuwa yatsu biyar a ware daƙuwa ce, kowa ya san wanda ake zagi da ita. Ku duba fa: yaro ya jingine waya a kan tebur, kakarsa tana zaune a bayan wayar, ya ware mata yatsu yana murmushi. Wane bayani zai yi tsohuwa ta yarda?

Iyaye, ana iya kashe wannan alama a cikin saitin kyamara. Akwai kuma ƙidayar daƙiƙa, wadda za ta ɗauki hoton daidai, hannun yaro yana gefensa.