ARIYAS BASHI NE, A DAINA YI MANA GORI

Jama'a, akwai wata kalma da ta shiga bakin kowa a kasuwar Dutsin-Ma da ta Kurfi, har mai tallar goro ta san ta, watau ariyas. Ma'aikaci ya ɗauki kwano biyar na gero, ka ce kuɗi, ya ce sai an biya ariyas. To, mene ne ariyas ɗin nan?

Turawan Ingila su kan rubuta ta arrears. Ba ma tasu ba ce, aro suka yi wurin Faransawa shekaru aru-aru da suka wuce, su kuwa Faransawa sun gaje ta daga harshen Latin na Rumawa, ad retro, watau "can baya". Mu da muka goge benci a makarantar mishan ba za a ruɗe mu da ita ba. Ma'anarta bashin da ranar biyansa ta zo, ta wuce, wanda ake bi ya noƙe.

Ku tambayi tsofaffinku. A zamanin En'e, in talaka ya makara da kuɗin haraji, wa ya tsaya yi masa Turanci? Dagaci ya aiko, a shanya magidanci a rana gaban 'ya'yansa, a sayar da akuyarsa. Haraji da jangali ba su bar wuyanmu ba sai 1979, da Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda muke cikinta a lokacin.

Amma in hukuma ce ta riƙe haƙƙin mutane, sai bashi ya sa babbar riga, ya zama ariyas. Ran da aka ga damar biya, a buga a rediyo, a ce a yi godiya. Godiyar me?

Ga misali kusa. A 2022 malaman jami'o'in tarayya, har da ta nan Dutsin-Ma, suka yi yajin aiki wata takwas, Gwamnatin Tarayya ta riƙe albashinsu. Sai a 2024 aka saki na wata huɗu, ba ƙarin ko kwabo. A tsakani kuwa an janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuɗin mota da na hatsi suka bi ta.

Wa ya ciyar da gidajen nan duk tsawon watannin? Ku ne, 'yan'uwa: mai awo, mai kanti, mahauci, mai gidan haya. Da jarinku aka yi wa hukuma lamuni, ba ta tambaye ku ba, ba ta kuwa san sunanku ba. Mai awon da ya ba da bashin buhu a 2022, kuɗin 2022 aka mayar masa, in ma an mayar. Ya tafi sari ran Laraba, kuɗin ba su sayi buhun ba.